Yatsun Yaya da Maganaɗisun Auta

Cokula ne suka fara ɓacewa a gidan Injiniya. Yau a nemi na shayi a rasa, gobe a nemi wuƙar yanka albasa a rasa, har matarsa ta fara yi wa makwabta kallon gefen ido, ni ma ban tsira ba. Sai ranar da ta zo shara ta juya wani buhu a bayan ƙofa, ta tarar da su duka a manne a jikinsa, cokula da wuƙa da makullin ɗakin girki, sun rungume shi kamar yaran da uwarsu ta dawo daga kasuwa. Ɓarawon yana cikin buhun. Maganaɗisu ne, mayen ƙarfe, buhu guda cur.

Shi dai Injiniya ba wata makarantar injiniyoyi ya yi ba. Gyaran fanka da rediyo yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, yara suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. A shagon ya ji labarin wani kamfani a bayan gari da ke sayen tsofaffin maganaɗisu. Ba irin baƙaƙen nan na tsohuwar lasifika ba, wasu ne masu sheƙi kamar azurfa, da ake cirowa daga cikin matattun kwamfutoci da injin babur mai caji da na'urar sanyaya ɗaki. Wai a cikinsu akwai wasu ƙarafa masu wuyar samu, waɗanda sai an fasa dutse an wanke ƙasa tuli kafin a sami cikin cokali. Kamfanin sai ya niƙe tsofaffin, ya narkar, ya tace, ya fitar da ƙarafan a sake ƙera sababbi.

Sai dai kamfanin ba ya karɓar kaya a dunƙule. Kowane maganaɗisu sai an ɓamɓare shi daga ƙarfen da aka manne shi a kai, an goge ƙananan ƙusoshin da ya kwaso, an jera shi da 'yan'uwansa da guntun kwali a tsakani. To wa zai yi? Injiniya yana shago, in ya tashi kuma yana bin 'yan gwangwan yana saye. Matarsa tana aiki a kantin magani daga safe har yamma. Saura mutum ɗaya a gidan, yayarsa.

Kowa a layinmu Mai Kitso yake ce mata. Tun da mijinta ya rasu take zaune a ƙaramin ɗakin da ke kusa da na girki, kuma abin da ta mallaka a duniya bai wuce kujera 'yar tsuguno da mataji da kibiyar tsaga da yatsun hannunta ba. Amma fa yatsu ne. Hannunta ba shi da zafi ko kaɗan. Za a kawo mata yarinyar da ke birgima in ta ga mataji, kafin a kai rabin kai yarinyar ta yi barci a cinyarta. Barandar gidan kullum a cike take da mata, ana kitso ana gyara duniya da baki. Da kitson take sayen sabulunta da man shafawarta, ba ta miƙa wa kowa hannu. Ni kaina shekara da shekaru ba wanda ke taɓa mini kai sai ita.

Ina zaune a gabanta, kaina a tsefe, ranar da Injiniya ya jawo buhun ya dire.

"Yaya, tunda dai zaune kike..."

"Zaune nake? Wannan da ke hannuna kabewa ce?"

Na ce, "Ku fitar da kaina daga maganarku."

"A'a, ina nufin tsakanin kai da kai," in ji shi. "Ɗan abin rage zaman banza ne. Ki ɓamɓare, ki jera. Yaro ma zai iya."

"To ka ba yaro mana, Auta."

Ita kaɗai ke ce masa Auta, kuma duk lokacin da ta faɗa sai ya waiga ya ga ko wani ya ji.

"Yara ba su da amana, Yaya. Wannan fa dukiya ce. Wa nake da shi da ya wuce ki?"

A nan ya kama ta. Ta yi tsaki irin na wanda ya riga ya yarda, ta miƙa hannu za ta ɗauki kibiyarta, sai ta ga wayam. Kibiya tana can jikin buhu ta je gaisuwa. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya bar mata sukundireba ɗaya da tsohon kwali, ya ce kayan aiki sun kammala.

Ku da ba ku san halin abin nan ba, bari in gaya muku. Wani bai fi farce ba, wani kamar yankan sabulu, amma zuciya gare shi. In biyu suka hango juna ba sa tambayar wa ke tsakani. Tsalle suke su haɗe, ƙas, da fatar yatsanka a tsakiya. In sun haɗu da ƙarfi kuma su farfashe, ɓarɓashin ya yi tsini kamar na kwalba, ya maƙale a sukundireba yana jiran wanda zai shafa.

Da na dawo tsifa na tarar da yatsunta biyu a ɗaure da filasta, na uku jini ya kwanta a ƙarƙashin farce.

"Me ya cije ki?"

"'Ya'yan Auta," ta ce. "Ba su da haƙori, amma ba su da tarbiyya."

Da yamma matar Injiniya ta dawo daga kanti, Mai Kitso ta nuna mata. Ta duba sama-sama, jakarta ma ba ta ajiye ba.

"Jini ne ya kwanta, Yaya, zai watse. Kuma motsa yatsu magani ne ga mai shekaru. Mu a kanti har ƙwallon roba muke sayar wa tsofaffi su riƙa matsawa. Ke ga shi kin samu kyauta."

"Ƙwallon naku yana rama matsar?"

"Kai, Yaya, ba ki rabo da wasa." Ta shige ciki, ta aiko da man zafi.

Shi kuwa Injiniya, in aka kai masa kuka, jawabi yake yi. Ya ɗaga maganaɗisu guda a hannu kamar mai tallan magani.

"Yaya, kin san me kike yi kuwa? Duniya kike ceta. Duk ɗaya da kika ɓamɓare, wani dutse kika hana a fasa a wata ƙasa."

"Dutsen ya aiko da godiya?"

"Daga yau ma ke ce Manaja."

"Manajan me?"

"Sashen tantancewa."

"Mu nawa ne a sashen?"

"Yanzu dai ke ce. Kamfani a hankali yake girma."

Kamfani kuwa ya girma. Buhu ɗaya ya haifi 'ya'ya, suka cika gefen baranda, suka ture bencin da mata ke jiran layi a kai. Motar kamfanin ba ta da rana, sai dai a bugo waya a ce tana tafe. In an bugo, Injiniya zai shigo da sauri, ko kan wa ke hannunta.

"Yaya, a ɗan dakata da wannan. Gashi ba ya gudu, mota kuwa taya gare ta."

Haka malamar makarantar nan ta bayan layi ta tafi gida da rabin kai a kitse rabi a tsefe, ta ɗaure da ɗankwali kamar mai ciwon haƙori. Da ta dawo a ƙarasa mata, ta rasa wurin zama ta ɗare kan buhu, agogon hannunta ya tsaya cak, bai sake motsi ba. Matar tela kuwa ta zo da allurai soke a gaban rigarta yadda ta saba, ta sunkuya gaisuwa, buhu ya nemi ya rungume ta. An yi dariya, amma ba ta sake zuwa ba.

Waɗannan duk Mai Kitso ta shanye. Abin da ya taɓa ta daban ne. An kawo mata wata 'yar yarinya da ta saba barci a cinyarta. Filastar yatsa ta riƙa kama gashi tana fizga, yatsun sun kumbura ba sa jin siririn gashin gaban goshi, dole ta riƙa ja da ƙarfi don kada ya kuɓuce. Yarinyar ta fara mutsu-mutsu, can ta fashe da kuka.

"Hannunki zafi," in ji ta.

Mai Kitso ta saki kan. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta kamar na aro ne. Uwar yarinyar ta yi ta ba da haƙuri, wai yaran yanzu baki gare su, amma kitso na gaba a bakin kasuwa aka yi shi.

Da suka tafi na ce mata, "Ki ce ba za ki ƙara ba mana. Bakinki ai bai kumbura ba."

Ta nuna ƙaramin ɗakin da haɓa. "A ɗakin wa nake kwana, makwabciya?"

"Ƙaninki ne fa."

"Shi ya sa. Da na wani ne da tuni na zage shi."

Ban haƙura ba, na tare matar Injiniya a bakin famfo. Ta saurare ni tsaf, har da gyaɗa kai.

"Ai ba dole aka yi mata ba, makwabciya. Da ta ce a'a, wa zai tilasta ta? Kuma kin ga mu ma ba kwance muke ba. Gida ɗaya ne, tukunya ɗaya ce, kowa da abin da yake sawa a ciki."

Na ce, "Ita yatsu take sawa."

Ta ce bokitinta ya cika.

Ana nan sai Injiniya ya yi babban kamu. Wani tsohon injin ɗaga kaya aka farfasa a wata ma'aikata, ya sayo maganaɗisun cikinsa. Waɗannan ba 'ya'ya ba ne, iyaye ne, kowane ya kai tafin hannu, ga nauyi. Ya shigo da su ɗaya-ɗaya a naɗe da tsumma, yana ajiye su nesa da juna kamar masu gaba, yana washe baki.

"Manaja, an ƙara miki girma. Ki goge su kawai ki jera. Mota gobe."

Rana ta take, layi ya yi tsit, ina wanke kwanuka sai na ji muryarta ta kan katanga, a hankali, ba ihu ba kuka.

"Makwabciya, zo ki ga wani abu. Ki taho da namiji mai ƙarfi."

Na same ta a zaune a ƙasa, gumi ya jiƙa mata riga. Tana goge ɗaya, ɗayan ya taso daga inda yake ya zo. Babban yatsanta na dama da manuniya suna tsakani. Na ruga na kira mai walda na ƙarshen layi. Ya kawo ƙarfe zai ɓamɓare, ƙarfen ma ya manne. Sai da ya samo guntun katako ya fiƙe bakinsa, ya riƙa dokawa a tsakani da dutse, tana cije gefen zaninta, sannan suka saki. Abin da na gani ba zan rubuta shi ba.

A asibiti likita ya ce ƙashin yatsun biyu ya murƙushe. Za su warke, amma lanƙwasuwa irin ta da sai dai a yi haƙuri. Injiniya ya iso a guje da ledar lemo da ayaba, kuma in faɗi gaskiya, ya yi hawaye. Ba mugu ba ne irin na labari. Mutum ne kawai da ya saba ganin yayarsa a wurin kamar yadda ya saba ganin ƙofa.

Da hawayen suka bushe sai baki ya buɗe.

"Na sha gaya mata ta riƙa bi a hankali."

"Yaushe, Auta?" in ji ta daga kan gado. "Kafin a ce mota tana tafe ko bayan?"

"Ƙaddara ce, Yaya," in ji matarsa. "Ko a kitson ma ai kibiya kan soki mutum."

Likita ya juya zai fita, Injiniya ya bi shi bakin ƙofa ya rage murya, amma kunnena bai tsufa ba.

"Likita, hannun hagun fa? Lafiyarsa ƙalau? Don dai in sani."

Buhuna dai ba su san an yi jinya ba, suna ta taruwa, kamfani yana ta bugo waya. Dole Injiniya ya nemo ma'aikaciya. Wata mata ce gajera kakkaura da ta taɓa aiki a kamfanin, bakinta ba ya rabo da cingam, don haka tun ranar farko layi ya sa mata Mai Cingam. Na zo duba Mai Kitso, muna zaune a baranda, hannunta a rataye a wuya, matar ta iso. Ta zagaya buhunan tana tauna, ta taɓa sukundireban da ƙafa.

"Maigida, ina safar hannu?"

"Za a kawo."

"Mai kauri fa, ba ta wanke-wanke ba. Da tabarau, don ɓarɓashi yana tsalle. Da katakon nan mai tsaga da ake zare su da shi, yatsa ba ya shiga. Tebur ma na katako. In babu, sai an jima."

"Duk za a kawo, ki zauna."

Ban gama shan shayin da aka ba ni ba sai ga shi ya dawo a kan babur, kaya niƙi-niƙi, har da teburin a ɗaure a baya. Ashe duk a bakin titi ake sayar da su, kusa da shagonsa. Mai Cingam ta zura hannu a safar, ta sa maganaɗisu a tsagar katako, ta tura, ya zame ya rabu da ɗan'uwansa salin-alin, ko ƙara bai yi ba. Mai Kitso ta miƙa wuya tana kallo.

"'Yar'uwa, sake yi in gani."

Ta sake.

"Ikon Allah. Ashe suna da ladabi."

Sai Mai Cingam ta hango manyan a lungu. Ta ja baya.

"Waɗancan ba na taɓa su. Ba a raba su da hannu. Yadda suke ake kai su, a gasa a tanda ƙarfinsu ya mutu tukuna."

"Haka ne, haka ne," in ji Injiniya yana kwance igiyar tebur. "Su ma kamfanin sun faɗa tun farko. Sai dai in su suka gasa, farashin yana sauka."

Ya faɗa ne kawai, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Can ya ɗago, ya ga duk mun zuba masa ido.

"Sun faɗa tun farko," in ji Mai Kitso.

"Yaya, ba haka nake nufi ba."

"Safar ma sun faɗa? Da katakon?"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi matarsa da ta leƙo daga ɗakin girki, ta koma ciki.

"Ki gane, Yaya. Ita wannan bare ce. In wani abu ya same ta, ƙara za ta kai ni, a rufe mini shago. Ke kuwa ta gida ce."

Mai Cingam ta daina tauna.

Na ɗauka Mai Kitso za ta yi kuka ko ta yi zagi. Murmushi ta yi.

"An ce ɗan'uwa rabin jiki ne, Auta. Ban dai san rabin da za ka ɗiba har da hannun dama ba." Ta juya ga matar. "'Yar'uwa, ki riƙe barenki da kyau. Kada ki yarda ya fara ce miki Yaya."

Mai Cingam ta dubi Injiniya sama da ƙasa. "Maigida, ni da kai ko a mafarki ba mu haɗa kaka ba."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta da mai taya shi, ya ce yana da fanka a shago tana jira.

Da aka kwance wa Mai Kitso ɗauri na tsefe kaina na je, don na san abin da take jira ke nan ko ba ta faɗa ba. Ta zauna a kujerarta, na zauna a gabanta. Tsagar ta fito a miƙe sambal, ido bai manta ba. Ta raba gashin uku, ta kama. Na ji ya zame. Ta sake kamawa, ya sake zamewa.

"Kin cika mai a kan nan."

"Ban shafa komai ba."

"To tsufa ne ya sa shi santsi."

Ta gwada da na tsakiya da ƙaramin yatsa, ta gwada juyawa ta hagu. Ina jin numfashinta a ƙeyata. Babban yatsan yana tsaye ƙiƙam kamar ba da shi ake ba. A gefenmu Mai Cingam tana ta tura katako, ƙwas, ƙwas, tana jerawa, ta ƙi ɗago kai.

Can Mai Kitso ta shafa kaina da tafin hannu, ta kwantar da gashin, ta ɗaura mini ɗankwalina da kanta.

"Je ki wurin yarinyar nan ta bakin kasuwa. Hannunta da zafi, amma ba ta karkata tsaga. Ki ce ta sassauta a gaban goshi, gashinki na nan ba ya son ja."

A bakin ƙofa na yi kiciɓis da motar kamfani ana lodi. Injiniya yana tsaye yana yi wa direba jawabi, wai a duniyar yanzu ba abin da ake yarwa, ƙarfen da ya mutu ma ana tace shi ya sake rayuwa. Direban ya tambaye shi ina tsohuwar nan mai ba'a da ke jera masa kaya.

"Yaya? Ai na hutar da ita. Shekaru sun ja, bai kamata a ce tana wahala ina raye ba."

Ya faɗa da zuciya ɗaya, kuma na tabbata ya yarda da abin da ya faɗa. Haka ake yi a gidaje da yawa da na sani. Abin da ba za a iya yi wa bare ba don tsoron hukuma, shi ake yi wa na gida da sunan zumunci, in ya ƙare a ce an hutar da shi. Maganaɗisun nan yanzu suna can an tace su, wataƙila suna juya tayar wata sabuwar mota a wata ƙasa. Na tambayi direban ko kamfaninsu yana karɓar tsofaffin yatsu. Ya ce bai gane ba. Na ce ba komai, ja motarka, na wuce bakin kasuwa da kaina a ɗaure.